Kaset Ba Ya Barin Sawu

A shekarun tsuke bakin aljihu kananzir ya yi wuya a Lakwaya, sai kakarmu Inna Dije ta rataye fitila, ta ce hasken murhu ya ishe mu. Bayan isha'i mukan kewaye ta, tana ɓarar gyaɗa tana tura kara cikin wuta da ƙafa. Ba ta farawa sai kowa ya yi shiru. Sannan ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta," mu ce ta iso mu ji ta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta kura da tulu. Wai an yi fari, ruwa ya rage a tafki ɗaya tak. Kura ta tsinci fasasshen tulu, ta ɓuya a bayan sabara, ta sa baki ciki tana gurnani. Dabbobi suka watse, kowa na cewa zaki ya kama tafki. Kwana uku kura na shan ruwa ita kaɗai. Wata tsohuwar akuya, ƴaƴanta na kukan ƙishi, ta bi dabbobin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya.

Nan Inna kan maƙale murya irin ta akuya: "Kai zomo, shi ka gani ko muryarsa ka ji? Ke barewa, ina sawunsa?"

Ba wanda ya gani. Akuya ta tafi bakin tafki, ta duba taɓo, ba sawun zaki. Sai ga wutsiyar kura ta leƙo daga bayan sabara.

"Kurunkus," in ji Inna. "Murya iska ce. Mai jiki shi ke barin sawu."

Na girma na zama mai fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano. A shekarun da aka dawo da shari'ar Musulunci, wata rana wakilinmu ya aiko rahoto da Turanci daga wata kotu a yankin Kabo. Wata mata ce mijinta ya yi shekaru bai waiwayo gida ba, ta nemi alƙali ya raba auren. Danginsa na cewa ƙarya take, yana zuwa. Rahoton ya ce a zaman ranar, mijin ya bayyana "in the flesh".

Wannan magana ma'anarta ɗaya ce: mutum ya zo da kansa, ana ganinsa ido da ido. In na karanta haka, kafin zama na gaba duk Kabo ta gama kiran matar maƙaryaciya. Amma a ƙasan rahoton an ambaci wan mijin da wani kaset. Saura minti goma a shiga labarai na buga wa wakilin waya.

"Malam Sabi'u, ka ga mijin?"

"Ai Hajiya kowa ya ji shi. Wansa ne ya kunna kaset, muryarsa ce sak."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba. Na ɗauka maganar tana nufin da gaske ne. Ado ne kawai na Turanci."

"Adon naka zai sa matar nan ta kasa fita unguwa."

Shugaban sashe ya leƙo yana nuna agogo, ya ce in bar rahoton yadda ya zo, a gyara gobe. Na ce ranka ya daɗe, gobe ba ta goge abin da kunne ya riga ya ji. Na ja layi a kan jimlar, na rubuta cewa mijin bai halarci kotu ba, wansa ne ya kawo kaset.

Ban taɓa ganin matar ba, ban kuma san yadda shari'ar ta ƙare ba. Inna ta rasu ba ta san kalmar Turanci ko ɗaya ba. Amma har yau in takarda ta ce wani ya zo, kafin in buɗe baki sai na duba taɓo.