Takardar Shanu da Maraƙa Biyu

Ni kaɗai aka sa boko a gidanmu. Rugarmu tana kusa da Kaikai, a ƙasar Kusada. Da Baffa, mahaifinmu, ya rasu, garke ya koma hannun yayana, ni kuma na ƙare a Kankia ina koyar da darasin gwamnati a sakandare. A cikin manhajar akwai babi a kan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da yarjejeniyoyin da suke tsarawa. Shekara da shekaru ina rubuta shi a allo, ɗalibai su kwafa su ci jarrabawa, amma a raina ban ɗauke shi a bakin komai ba. Gani nake manya ne ke taruwa a birane masu nisa su sa hannu a takarda, mu nan ko ƙurarsu ba ta iso mu.

Damina lokacin wahala ce ga mai shanu a wajenmu. Gonaki sun matse burtali, saniya na juya kai sai ta taɓa shukar wani. Dajin yamma da Baffa ke kai su a da ya daina shiguwa saboda rashin tsaro. Wata shekara sai Yaya ya yanke shawarar ya yi arewa, ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, inda wani kawunmu ke da mashekari, wato wurin da yake zama da shanunsa da damina.

Kafin tafiyar, malamar dabbobi ta Kusada ta zo ruga a kan babur ɗinta. Mace ce gajera mai faɗa, makiyaya na tsoron bakinta suna kuma neman ta. Ta yi wa shanun allurar rigakafi, ta sa wa kowace alama a kunne, sannan ta fito da wata takarda ta ce a ƙirga mata su. Yaya ya ɓata rai, don a gidanmu ba a ƙirga shanu a fili.

"Ba ni nike son in sani ba, takarda ke so," in ji ta. Ta ƙirga da kanta, ta rubuta arba'in da ɗaya, ta rubuta allurar da aka yi da hanyar da za a bi, ta buga hatimi. "Wannan ita ce fasfon shanunka. Ka riƙe ta da kyau."

Yaya ya riƙe ta da kyau irin yadda ya sani. Duk abu mai daraja a gidanmu wurin Inna ake kai shi, don haka ya miƙa mata, ta sa a ƙasan kwalla tare da carbin Baffa. Ya kora shanu ya tafi.

Bayan kwana goma sha ɗaya, da safe ɗalibai na jeruwa a fili, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, muryar kuwa ta Yaya.

"An tsai da mu a hayin iyaka. Sun ce in kawo takarda."

"Tana ina?"

"Tana wajen Inna mana."

Ya ce an gaya mashi idan babu ita, doka ta ce a killace shanun har likita ya tabbatar ba su ɗauke da cuta. Wurin killacewar fako ne, kuma cikin garken akwai masu sabuwar haihuwa.

Na nemi izinin shugaban makaranta, na hau babur sai ruga. Na tarar da Inna tana kaɗa nono. Da na yi mata bayani, ba ta tashi nan take ba.

"Shi ya ce mani in adana ta."

"Inna, shi ne kuma ya ce in kai mashi."

"In ta ɓace a hannunka fa?"

Sai da na kira lambar nan ta ji muryarsa, sannan ta shiga ɗaki. Ta naɗe takardar a leda, ta naɗe ledar a tsohon kallabinta, ta ce in sa a aljihun ciki.

Na shiga mota zuwa Katsina, daga can wata motar zuwa bakin iyaka, sauran tafiyar a bayan ɗan kabu-kabu. Bayan azahar na isa. Tun daga nesa na hango shanunmu a cikin shinge, sun yi cirko-cirko, Yaya na tsugune a gefe ya dogara da sandarsa.

Jami'in dabbobi na wurin dattijo ne mai furfura, ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Hausarsa ta Maraɗi ce, kusan irin tamu. Ya karɓi takardar ya warware kallabin a hankali, bai yi dariya ba. Sai a hannunsa na lura takardar harshe biyu ce: inda malamarmu ta cike layi da Turanci, shi yana bin layin da Faransanci. Ya shiga shingen ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya fito.

"Takarda ta ce arba'in da ɗaya. Ni na ga arba'in da uku."

Yaya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, biyun a hanya aka haife su."

"Na yarda da kai," in ji dattijon. "Amma ta nan ake wucewa da maraƙan sata, dole in gani da idona."

Ya sa Yaya ya fito da maraƙan biyu ya riƙe su can nesa da shingen. Tun ba a jima ba shanu biyu suka fara kuka suna turo katako da ƙirji. Ya ce a sake su. Maraƙan suka ruga da ƙafafunsu marasa ƙwari, kowanne ya nufi tasa uwar ya kama nono, iyayen na lasar bayansu. Dattijon ya je ya duba kunnuwan iyayen ya ga alamar allura. Ya dawo ya ɗora takardar a cinyarsa, ya ƙara layi ɗaya da biro, ya buga nasa hatimin kusa da na malamarmu.

Aka buɗe shingen, Yaya ya kai su tafki. Ni da dattijon muka zauna a inuwar wata bishiyar bedi, na tambaye shi wa ya ƙago wannan takarda.

Ya ce lokacin da ya fara aiki, kowace ƙasa da tata dokar, makiyayi kuwa sa'arsa ita ce halin wanda ya tarar a ƙofa. Daga baya ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta tara likitocin dabbobi da masana shari'a, suka daɗe suna ja-in-ja kafin shugabanni su sa hannu a kan magana guda. Shi kansa, yana sabon ma'aikaci, an tura shi bin burtali yana rubuta koke-koken makiyaya da na manoma, ana aikawa sama.

"Ba ta gamsar da kowa ba," in ji shi. "Manoma sun ce an sakar wa makiyaya mara, makiyaya sun ce an ɗaure su. Wasu wuraren ma ba a bin ta. Amma yau da na hana ku wucewa, Malam, ni ne na taka doka, ba ku ba."

Sunan ƙungiyar da ya ambata na rubuta shi a allo ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin tana da magana a kan saniyar Inna ba.

Da Yaya ya dawo, dattijon ya karanta mashi abin da ke kansa shi ma: ya bi hanyar da aka rubuta, kada ya ratsa gona, in an yi ɓarna a je wurin masu sulhu, kada a zare sanda. Yaya ya ce ya ji. Wannan karon a aljihunsa ya sa takardar, ya ba ni kallabin in mayar.

Washegari na ba Inna labari tun daga farko. Da na zo wurin maraƙan ta sa na maimaita. Sannan ta tambaya, "Su waɗanda suka zauna suka yi dokar, 'yan ina ne?"

Na ce mata daga ƙasashe da yawa suke, ban san sunan ko ɗaya ba, wataƙila wasu ma sun rasu.

"To, Allah Ya san su," in ji ta, ta ɗaga hannu ta yi masu addu'a kamar yadda take yi wa dangi. Ta kuma cika ƙaramar ƙwarya da man shanu ta ce in kai wa malamar dabbobi, tunda ita ce ta kusa. Malamar ta karɓa, ta ce in gaya wa yayana idan ya dawo akwai magana tsakaninsu.

Da kaka Yaya ya dawo, shanu sun yi ƙiba, maraƙan nan sun fara cin ciyawa. Ya sha faɗan malama a kan barin takardar da ya yi a gida. Ya sake tafiya damina uku a jere ba tare da an tsai da shi ba.

Daga baya zumuncin gwamnatocin ƙasashen biyu ya yi sanyi, tafiyar ta yi wuya, yanzu nan kusa da gida, a gefen gonakin Mawashi da Ƙofa, Yaya yake lallaɓawa da shanun. Kawunmu ya ce dattijon ya yi ritaya, yana kiwon awaki a garinsu. Inna ba ta taɓa ganinsa ba, amma duk wanda ta ji zai yi arewa sai ta ce ya biya ya gaishe mata da shi, ya tambayi lafiyar idonsa.