Nonon Ƙanwata a Ƙofar Taramniya

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Wamakko, ni da ƙanen mijina da mutane uku masu kai shinkafa Sakkwato a kan jakuna. Ɗiyata 'yar wata uku tana bayana. Na ce wa kowa za ni barkar ƙanwata Hauwa, wadda ta haifi namiji wata biyu da suka wuce ina cikin nawa jegon. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba.

Bazara ce, gulbi ya janye har muka ƙetare ruwa bai kai mana gwiwa ba. Jaki ɗaya dai ya ga dama ya kwanta a tsakiya da kayansa, sai da mai shi ya roƙe shi kamar surukinsa. Na yi dariya, amma hankalina na baya. Goyon ba nauyi. Kwana shida ke nan tana zawo, kukanta ma ya zama kamar na ɗan mage.

A gidanmu mai jego ba ta zama. Ana gama arba'in na koma daka da ɗebo ruwa da sharar gona, yarinya kuma tana hannun uwar mijina tun safe har azahar. In ta yi kuka a ɗura mata ruwan randa, wai zafi zai kashe ta da ƙishi. In ta ƙara, a ba ta farau-farau ko madarar akuya. Da zawon ya fara, tsohuwar ta sa na tatsa a ludayi ta jefa kiyashi. Ya mutu, ta ce nonona ne ke da cuta.

Mun shiga gari da hantsi. Warin majema ne ya fara tarbar mu, sai jajayen fatun awaki a shanye, sai 'yan goro da masu gishiri. Na sayi fura a bakin hanya. Kuɗin wurin da zai ƙosar da mutum biyu a Wamakko, a nan curin da ya saya bai kai ƙwan zabuwa ba.

Gidan mijin Hauwa yana Ƙofar Taramniya, shi mai fataucin tufafi ne. Na same ta kishingiɗe a kan gado, ƙwaryar kunun kanwa a gefe, romon ƙauri a akushi. Hauwar da na goya, wadda ba ta iya tuƙa tuwo ba sai da na koya mata. Ta yi ƙiba, fatarta na sheƙi. Aka miƙo min ɗanta, sai da na sa hannu biyu. Cinyoyi sun yi ninki-ninki. Na sa masa albarka, amma da bakina kawai.

Na tambaye ta me ake ba shi.

"Nono ɗai, Yaya," in ji ta. "Tun dabinon da anka tauna mishi ran haihuwa. Ba ya kukan da za a ce a ba shi wani abu, ina nan kusa."

Ina nan kusa. Wannan maganar ta fi komai ci min rai, don ita ba ta san ta faɗi wani abu ba.

Na kwance goyona. Uwar mijin Hauwa, dattijuwar da ta karɓi haihuwa da yawa a unguwar, ta taɓa maɗigar yarinyar ta ga ta faɗa. Na ba ta labarin kiyashi. Ta ce ko a romo aka jefa kiyashi mutuwa zai yi. Sannan ta tambaye ni abin da na ci jiya. Na ce ɗumame. Da rana fa? Ba komai.

"Nononki lafiya lau yake, ɗiyata. Kaɗan ne, don ke ma ba ki ƙoshi ba, kuma ba a bari ta ja. Ki zauna ki ci. Kafin ya kawo, Hauwa ta ba ta nata."

Na ce a'a, da sauri har suka dube ni. Abin da ya kawo ni ke nan da ban faɗa wa kowa ba: na zo ne in roƙi Hauwa mu yi alkawari tun suna cikin tsumma, ɗanta ya auri ɗiyata, don ita ta tsira daga turmi da rana. In ta sha nonon Hauwa ko sau ɗaya, sun zama ya da ƙane, aure ya haramta har abada. Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi muni. Ba na so a ce ko nono sai ƙanwata ta fi ni.

Har la'asar ina sa yarinyar a ƙirjina, tana ja tana saki. Daga baya ta daina ja. Hauwa ta sauko daga gado ta durƙusa a gabana.

"Yaya, ba ke kinka tauna min tuwo ba da Inna ta rasu? Ba ni ita."

Na miƙa mata. Yarinyar ta kama, na ji tana haɗiya, ƙut, ƙut, sautin da ban taɓa ji sosai a jikina ba. Na juya fuskata bango. Hamdala nake yi, kuma ina jin kamar in fizge ta.

Kwana tara muka yi. Aka hana yarinyar ruwa da komai sai nono, ni kuma aka tsare ni da kunu da nama, ko tsintsiya ba a bari na taɓa ba. A rana ta huɗu zawo ya tsaya. A ta shida na farka rigata ta jiƙe da nono. Kasuwar da nake ɗokin gani, sau ɗaya na leƙa ta.

Mun dawo ranar da aka yi yayyafin farko. Kafin in sauke kaya na gaya wa mijina duk inda za ni da ɗiyata a baya za ni, kuma ba mai ɗura mata komai sai ta zauna da kanta. Uwarsa ta ce Sakkwato ta koya min baki. Shi dai ya kalli kumatun yarinyar, ya ce a bar min sharar gona bana.

Abin da na koyo shi ne nono daga tukunya yake fitowa, da kuma zaman uwa kusa da ɗanta, kuma ba kowace mace aka ba wa biyun ba. Ƙyashin kuwa ban baro shi a can ba. Ɗiyata ta yi dariyarta ta farko a rana ta bakwai, a cinyar Hauwa, ita take kallo. Na gode wa ƙanwata da raina duka, amma wannan dariyar har yau ban gama yafe mata ba.