Ranar da Aka Tare Ni da Takobi a Zaure

Ko na manta komai na sana'ata, ba zan manta ranar da aka tare ni a wani zaure a ƙasar Kunci ba. A lokacin aikina duba tsofaffin kaya ne, takubba da sulke da tasoshi, in faɗa wa masu tara kayan tarihi a Kano darajarsu. Shekarar fari ce, rumbuna wayam, kowa yana fito da abin da kakanni suka bari.

Wasu magidanta uku 'yan gida ɗaya suka zo har unguwarmu Bacirawa a Kano suka ɗauke ni in duba takobin kakansu. Wani Alhaji ya ce zai saya, amma sai na gani tukuna. Tun a hanya babbansu ba shi da zance sai na geron da za su sayo.

Ina shiga zauren na ga mahaifinsu zaune a kan buzu. Na san dattijon. Shekaru da yawa kafin nan, a wata yunwar da aka yi, ya zo wurina shi kaɗai da takobi naɗe a tsumma, na duba, aka saye shi. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Shi ma ya gane ni, ya sunkuyar da kai.

Aka miƙo mini takobin. Kuben tsoho ne na asali, amma ina zarowa na ga ƙarfen sifirin mota ne wani maƙeri ya buga.

"Malam, nawa zai yi?" in ji babban.

In na ce na gaske ne, na cuci mai saye. In na faɗi abin da na sani, na tona wa dattijo asiri a gaban 'ya'yansa. Sai na ce, "Wannan ba tsohon ƙarfe ba ne. Ko buhu guda ba zai sayo muku ba."

Babban ya fizge takobin ya tsaya a ƙofar fita, ƙannensa suka tare ƙofar shiga cikin gida.

"Mun san irinku," ya ce, ko murya bai ɗaga ba. "Ku kushe kaya yau, gobe ku turo wani ya ɗauka a banza. Ba inda za ka sai ka faɗi gaskiya."

Idanunsa sun faɗa don yunwa, tsinin takobin yana kallon cikina. Jabu ne, amma yana da kaifi, ni na fi kowa sani. A waje maƙwabta sun fara taruwa, ina jin ana cewa an kama ɗan damfara daga birni. Na shiga kalmar shahada a zuci. Na dubi dattijon, bai ɗago ba. Har yau ban san ko da na iya riƙe alkawarin nan ba in da shirunsa ya ƙara tsawo.

Can dattijon ya yi gyaran murya. "Ajiye ƙarfen nan."

"Baba, wannan mutumin..."

"Na ce ka ajiye. Malam bai yi ƙarya ba. Na gasken ni na sayar, kana yaro, na sa maƙeri ya buga wannan na mayar cikin kuben. Tuwon da kuka ci har damina ta faɗi a waccan shekarar, shi ne."

Babban ya sulale ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ba wanda ya ƙara kallona. Na ratsa mutane na fita, ban yi nisa ba na zauna a gindin wata kuka har la'asar. Daga baya na ji cewa biyu daga cikin 'ya'yan sun tafi ci-rani, da haka gidan ya kai kaka.

Tun daga ranar ban ƙara faɗin darajar kaya a gaban taro ba, sai na keɓe da mai gida na ji labarin abin tukuna. Na gane cewa sanin ƙarfe bai isa ba a wannan sana'a. Kafin ka buɗe baki, sai ka san rai nawa aka jingina a kan abin da ke hannunka.