Oga Bukar da Rundunarsa Marar Fuska

Ku da kuka yi aiki da Oga Bukar a sashen safiyo, masu awon filaye, in na ce "sharrr, tas!" na san ba sai na ƙara komai ba. Ƙarar tef ɗin awonsa ke nan, mai ruwan ɗorawar nan da ba ya barin aljihun kaftaninsa. Mutumin nan bai yarda da ido ba. Ka ce masa masallaci na nan kusa, sai ya ce, "Mu auna tukuna." Ranar ɗaurin auren 'yata ina gaisawa da baƙi, na waiga na hango shi durƙushe tsakanin rumfa da rumfa. Ya taso ya raɗa mini, "Isa, an cuce ka. Ta hagu ta karkace da inci huɗu." Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa, kuma har ya koma ga Allah ban daina ce masa Oga ba.

Abin da da yawanku ba ku gani ba shi ne abin da ya yi da tef ɗin bayan ritaya. Dab da zai ajiye aiki aka tura shi kos Ingila. Lokacin nan ne fa Abuja ke tashe, farar hula sun dawo, wayar hannu ta shigo, ko ina ka duba gini ne ke tashi. Abokan tafiyarsa suka dawo da kwat da turare da leshin matansu. Shi kuwa ya dawo da gwangwanin biskit guda biyu masu nauyin tsiya. Hajiya Falmata matarsa ta buɗe da murna, sai ga sojojin dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, wasu da bindiga, wasu na jan igwa, ga wani littafin dokoki mai kauri.

Ta ce, "Alhaji, na jikoki ne?"

Ya ce, "Nawa ne. Jikan da ya taɓa, zai gane kurensa."

Wai a can ya ga wasu dattawa sun kewaye tebur suna yaƙi da irinsu. Kowa da rundunarsa, ana jefa 'ya'yan ludo a ga harbin wa ya samu, kuma soja ba ya motsawa sai an auna masa incinsa da tef. Da Oga ya ga tef a hannunsu, shi ke nan, magana ta ƙare.

Kun san shi da riƙo. Littafin ya ce a sayi duwatsu da itatuwa na musamman, Oga ya ce ba da shi ba. Kiret ɗin ƙwai ya zama duwatsu. Soson wanka da tsinken tsintsiya suka zama kurmi. Fenti kuwa, zagaye yake yi wuraren da ake gini a Kurudu da gwangwanin tumatir, yana ce wa masu fenti, "Ku ɗan ɗiga mini." Gashin burushinsa ma daga wutsiyar akuyar maƙwabta ya fito. Ya ƙwace teburin cin abinci, aka koma ci a tabarma. Wata Juma'a Hajiya ta birkice ɗaki tana neman shuɗin mayafinta na zuwa biki, ta fito ta same shi shimfiɗe a tsakiyar tebur, an ɗora masa gadar kwali.

"Alhaji, mayafina ne fa!"

"A da ke nan. Yanzu kogi ne, kuma ki matsa, kina tsaye a filin daga."

To, unguwa ba ta barin magana ta kwana. Wata mai kawo wa Hajiya kaya ta leƙa falo ta ga ƙananan mutane jere, ga dattijo na yi musu magana, kafin La'asar an ce tsohon safiyon nan tsafi yake yi. Wasu suka ce a'a, caca ce, an ji ƙarar ludo. Sai ga liman da kansa, ni ma ranar ina gidan. Ya ƙi zama, ya tsaya ya ƙura wa teburin ido.

Ya ce, "Alhaji, abu biyu ne. Waɗannan surori ne cikakku, har da idanu. Wannan kuma da kake jefawa, kayan 'yan caca ne."

Na zaci Oga zai yi gardama, don kun san shi. Sai ya ce, "In babu fuska fa?"

"Da sauƙi."

"In kuma ƙuri'a na ja, ba a sa ko sisi ba?"

"Ƙuri'a ba laifi."

Nan take ya watsa 'ya'yan ludon a shara. Ya kawo ƙwallon dabino shida, ya rubuta musu lamba ɗaya zuwa shida, ya zuba cikin tsohuwar hularsa zanna, aka koma ja daga ciki. Fuskoki kuwa, mako uku ya yi da magagari yana goge su ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowanne haƙuri. Liman dai ranar bai tafi da wuri ba. Ya sa takalmi, ya kai ƙofa, ya dawo ya ce, "Amma Alhaji, tsakani da Allah, ka bar gadar nan ba tsaro."

Matsalar da ta rage ita ce abokin karawa. Ni ya fara kamawa. Awa biyu yana karanta mini dokoki, ban farka ba sai da ya saki tef a kunnena. Ya gwada wasunku, kuma kun san kanku, ku da kuka riƙa cewa kuna da miting ranar Asabar. Wata shida mutumin nan yana yaƙi shi kaɗai, ya motsa na nan, ya zagaya ya motsa na can. Wallahi abin ya ba ni tausayi, mutumin da a da sai ka yi layi kafin ka gan shi.

Allah da ikonsa, sai shanu suka shiga gonarsa ta hanyar Karshi suka cinye masarar. Mai shanun, wani dattijo Ardo Jauro, ya zo har gida ba da haƙuri, da sandarsa da malafarsa. Kun san Oga Babarbare ne, kun kuma san wasan da ke tsakaninsu da Fulani. Tun daga ƙofa ya fara, "A'a, bawana ne ya zo? Shigo ka durƙusa." Ardo ya ce, "Yaushe bawa ya yi bawa?" Yana shiga falo idonsa ya faɗa kan tebur, ya manta da masara.

Ya ce, "Waɗannan jajayen, wa ke kiwonsu?"

"Ni ne kwamandansu."

"Aradu ba ka iya ba. Ka sa su ruwa na bayansu. In aka koro su, ina za su bi?"

Oga ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce ya yafe masarar, amma da sharaɗi: duk Asabar da hantsi Ardo zai zo ya riƙe shuɗayen, don a koya wa Bafulatani hankali. Ni aka naɗa alƙali, mai riƙe hular dabino.

Jama'a, a wasan farko Ardo ya yi masa kaca-kaca. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya a littafin ba! Sau ɗaya aka gaya masa dokokin ya haddace. Bai taɓa karɓar tef ba, sai ya karkata kai ya ce, "Wannan zai kai gindin dutsen can," Oga ya ja tef, sharrr, ya tarar daidai, tas. Yadda yake bi da shanu haka yake bi da sojojin: ba ya tura su ruwa sai ya san mafita, ba ya barin na baya, har sunaye ya raɗa musu. Oga kuwa sai ya jera nasa cikin tsari mai kyau, kowane layi an auna, Ardo ya zagayo ta bayan kiret ɗin ƙwai ya kwashe su.

Shekara huɗu ana haka, Oga bai ci ko sau ɗaya ba. Ku tuna fa, Babarbare ne, a falonsa, a teburinsa, da sojojin da ya goge wa fuska da hannunsa. Ardo in zai tafi sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "A gaida maigida, bawa ya gode da horo." Oga ya bi bayansa da harara, sannan ya ɗauko fayil, don kowace faɗuwa sai ya rubuta mata rahoto. Akwai wani hafsan dalma da ya ɗora wa laifin faɗuwa uku a jere. Ya rubuta masa takardar tuhuma, ya ba shi kwana biyu ya kare kansa. Da bai amsa ba, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa kabad ɗin kwanukan Hajiya.

Na ce, "Oga, dalma ce fa."

Ya ce, "Isa, a ofis ma da irinsu muka yi aiki."

Ya sha gaya mini, ba da wasa ba, "Sau ɗaya kawai nake so. In ci mutumin nan sau ɗaya, in rufe fayil."

A shekara ta huɗun ciwon suga ya taso masa gadan-gadan. Ya rame, idonsa ya fara dushewa, sai ya kai tef har hancinsa kafin ya ga lamba. Na ja Ardo gefe na ce, "Don Allah Baffa, ka bar masa yau." Ardo ya ce to. Aka fara, sai ya tura shuɗayensa tsakiyar fili, gaban igwa, kamar bai gani ba. Oga ya duba, ya ja tef, ya sake dubawa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Ya ce, "Jauro, mayar da su inda suke. Shekara huɗu ban ga ka kai su gaban igwa ba sai yau? Ni za ka ba sadaka?" Ya juyo kaina, "Kai kuma alƙalin banza, na san aikinka ne."

Ardo ya mayar da su, ya yi masa cin da ya fi na kullum. Ranar Oga har da rakiya zuwa bakin titi, yana ta fara'a.

Asabar ta ƙarshe, na lura Oga ya sauya. Bai jera layi ba. Ya watsa jajayensa nan da can kamar bai san abin da yake yi ba, ya dawo da hafsan nan daga kabad ya ɓoye shi da 'yan mutanensa a bayan soso. Ardo ya haye gada da rabin rundunarsa yana dariya. Sai aka kira Azahar, kuma Oga ya gaji. Ya ce a bari sai mako mai zuwa, shi ke da motsi, kada wanda ya taɓa teburin. Da Ardo zai fita, Oga ya ce, "Bawana, ka ci abinci da kyau ranar Asabar." Ranar Laraba da safe Hajiya ta kira ni a waya, ban ma bari ta gama ba na gane.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, Ardo ya ce a buɗe masa falo. Komai na nan yadda aka bari, hular dabino a gefe, tef ɗin a bakin tebur. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki tef, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai ma iya ja ba, ni na riƙe masa bakin. Ya auna daga bayan soso zuwa gada. Ya ce in karanta masa lambar, na karanta. Ya ce mu sake, muka sake.

Ya ce, "Isa, zazzage hular nan." Na zazzage ƙwallayen shida a tafin hannuna. Ya ce, "Ko wanne ya ja a cikinsu, ya kama gada. Mutanena rabi a nan, rabi a can, ruwa a bayansu. Abin da na gaya masa ranar farko, shi ya yi mini." Ya ajiye tef ɗin. "Babarbaren nan ya ci ni, ya tafi bai tsaya na faɗa masa ba."

Ya ɗauki kwamandan shuɗayen ya kwantar da shi a gaban hafsan Oga, ya ja malafa ya rufe fuskarsa. Ni kuma na ɗauko fayil ɗin, na rubuta a shafin ƙarshe cewa jajaye sun yi nasara, na sa hannu a matsayina na alƙali, Ardo ya dangwala yatsa da shuɗin fentin nan na gwangwanin tumatir. Na ce wa Hajiya yanzu tana iya ɗaukar mayafinta. Ta ce a bar shi, ai kogi ne.

Allah Ya jiƙan Oga Bukar, Ya gafarta masa kurakuransa. Mutum ne da bai taɓa rage wa kowa inci ɗaya na haƙƙinsa ba. Ya Allah, ranar da za a auna ayyuka, Ka cika masa ma'auninsa da rahamarKa, Ka yalwata masa kabarinsa iya ganinsa. Ka ba Hajiya haƙuri, Ka ba Ardo haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.