Wata Tara a Teku Bai Iya Iyo Ba

Ɗan ƙanwata ya dawo daga teku ana tsakiyar girbin gero. Wata tara ya yi yana wanke kwanuka a wani jirgin ruwa na masu hutu. Ya zo da ƙiba da farar hula da labari.

Ni masunci ne. Tun ban yi gemu ba nake cikin tafkin Madarumfa. Sau biyu kwalekwale ya kife da ni. A karo na biyun na fito, ƙanena bai fito ba. Shi ya sa da na ji wai akwai masu shiga jirgi don su huta, na matso da tabarmata.

Ya ce mutanen ba inda za su. Su tashi nan, su zagaya, su dawo nan. Na tambaye shi kifi nawa suke kamawa. Ya ce ko ɗaya, wanda suke ci ma daga tudu ake loda shi a daskare. A saman jirgin an gina musu ɗan tafki, nan suke wanka. Ga teku ko'ina, su kuwa suna cunkoso a kwatarniya. Sai su shafa mai, su kwanta a rana, su juya, yadda matata ke juya tarwaɗa a kan banda. Ita dai tarwaɗa ana ci.

Bayan mako biyu ya ce zai koma. Ubansa ya rasu, maganar tana hannuna. Ƙanwata ta zo tana kuka, ta ce ruwa ya ci mana ɗaya, in hana shi.

Na kira shi. Na tambayi inda yake kwana. Ya ce can ƙasa, inda ba taga, ruwa na sama da kansa. In abu ya faru fa? Ya ce ana sa musu wata riga mai hana nutsewa, su yi layi, a kira sunaye.

"Ka iya iyo?"

"Kawu, jirgin nan ba ya kifewa."

Washegari da safe na ce ya raka ni duba koma, ragar da nake kama kifi da ita. Da muka yi ɗan nisa, na karkata kwalekwalen. Ya faɗa, yana ta salati yana dukan ruwa. Na bar shi ya sha kaɗan, sannan na ce ya miƙe tsaye. Ruwan iya ƙirjinsa ne. Masu ban ruwan lambu suka ajiye bokitansu don dariya.

Na nuna masa wani gawo a gaɓa. Na ce ranar da ya kai can da iyo daga tsakiyar tafki, ya tafi. In bai kai ba, ga gona. Ƙanwata ta ji daɗi, ta ɗauka na hana ke nan.

Kullum da hantsi muna ruwa. Farar hular ta ɓace, ƙibar ta bi ta. Rana ta goma sha tara ya taɓa gawon, ya yi amai, ya dube ni. Na ce ya je.

Ƙanwata ba ta yi mini magana ba har babbar Salla.

Kwanaki ya aiko da saƙon murya ta wayar maƙwabcina. Na sa aka tambaye shi ko yana taɓa iyo a ɗan tafkin nan nasu. Ya ce a'a, na baƙi ne. Mai wanke kwano ko ƙafa bai isa ya tsoma ba.