Ɗakin da Sadisu ya ba katakonsa

Ranar da na sauka Lyon ruwa ake yi, siririn nan mai sanyi da ke bin wuyan riga. Watan Janairu ne. Na riga na miƙa makullin ɗakina na garin Sevran, domin 'yata Muhsina ta ce tunda na aje aiki in zo wurinsu, akwai ƙaramin ɗaki da babu kowa ciki.

Mijinta Sadisu mutumin Tasawa ne. Karatu ya kawo shi Faransa, bai ƙarasa ba. Wani lokacin sanyi ya samu aikin wankin kwanuka a wani otel can bisa duwatsu, a nan ya koyi sulun da Turawa ke yi kan dusar ƙanƙara da dogayen katako biyu a ƙafa, wanda suke kira ski. Daga nan bai ƙara komawa daidai ba. Yanzu bas yake tuƙawa, amma ranar hutu tun asuba ya bar iyali ya nufi dutse.

Da na buɗe ƙaramin ɗakin, wari ya tare ni. Babu gado. Tebur ne dogo, an ɗaure katakon a kai, cikinsa na kallon sama. Sadisu ya gaishe ni a tsaye, ƙarfen guga a hannunsa, yana ɗiga narkakken kaki yana bi yana gogewa. Tun ban aje jaka ba ya shiga yi mini bayani, wai kaki shuɗi na tsananin sanyi ne, ja kuma na ranar da dusa ta yi laushi. Wai in an kai katakon ɗakin ajiya na ƙasa, danshi zai sa ƙarfen da ke gefensa tsatsa. Saboda haka in kwana a kujerar falo zuwa watan Afrilu.

Na kwana. Kowace Juma'a da yamma ina jin ƙarar magagari yana wasa bakin ƙarfen, yana gwada kaifi da farce. Garin kakin da yake kankarewa har kan dardumata yake zuwa a tafin safarsa.

Wata rana abin ɗaure katakon ya karye, sai ya leƙo falo.

"Baba, zo ka riƙe mini nan. Ka danna sosai, kar ya motsa."

A garinmu suruki ko ido ba ya haɗawa da uban matarsa. Na dubi Muhsina, ta juya ta shige kicin. Na tashi na riƙe. Yana kankara, farin gari na zuba kan hannun rigata, har ya ce wai ban danna sosai ba.

Afrilu ya zo, dusa ta narke. Na tambayi Muhsina zancen gado. Sadisu ne ya amsa daga cikin ɗakin, ya ce yanzu ne ma za a shafa kaki mai kauri a bar katakon ya huta wuri mai bushewa har sanyi ya dawo.

Na kira abokina Malam Hassoumi a garin La Courneuve, kusa da Sevran, ya ce akwai katifa a ɗakin ɗansa da ya yi aure. Muhsina ta raka ni tasha tana kuka, ta ce in yi haƙuri, na ce na yi.

Sadisu yana nan Lyon, yana tuƙin bas ɗinsa. Na ji ya ƙara sayo wasu katako biyu, an jingine su a ƙaramin ɗakin.