Aiki Biyu Aka Yi wa Idon Yaya Sale, Ɗaya Muka Fahimta

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale Direba, amma sai a watan jiya na fara gane yadda aka yi. Na san motar katako ce ta buge shi yana tsallaka titi a Dei-Dei da ke Abuja, domin ni na ɗauko gawarsa. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne yadda mutumin da ya yi shekara talatin a kan titi zai kasa ganin babbar mota da rana tsaka.

Direban wata ma'aikatar gwamnati ne. Lokacin da aka taso da babban birni daga Legas, su ne suka yi ta jigilar kabad da fayil zuwa Abuja, garin duk jar ƙasa da katafila. Da ya sami wurin zama a Bwari, ya aika Zariya aka turo ni, ya haɗa ni da wani mai sayar da kwanon rufi. Duk abin da na zama, ta hannunsa ne.

Ba a jima ba ya fara ganin hazo-hazo. Na raka shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce, amma kuma akwai hawan jinin ido, don haka za a haɗa aiki biyu a yi lokaci guda. Ya yi bayani mai tsawo, rabi Turanci rabi Hausa. Ni dai abin da na riƙe shi ne za a wanke ido.

Ranar da aka cire bandeji ya ƙura mini ido, ya ce, "Bala, ashe furfura ta fara fito maka?" Muka yi ta dariya har da hawaye. Matarsa, Anti Ladi, ta dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta.

An ba shi kati ya riƙa komawa ana dubawa. Ya je sau uku ko huɗu. Wata rana ya ce in raka shi, ni kuma ina jiran saukar kaya. Na ce, "Haba Yaya, kai da kake zura zare a allura, me za ka je yi a layin marasa lafiya?" Ya yi murmushi, ya mayar da katin aljihu. Ban sake jin maganar ba.

Bayan wasu shekaru ya fara tuntuɓe da buta, kafaɗarsa tana bugun ƙofa. In ka gaishe shi da hannu daga gefe ba zai kula ba, har wasu suka ce ya soma girman kai. Amma Alƙur'aninsa mai ƙananan baƙi yake karantawa ba gargada, wa zai zargi idonsa?

A watan jiya ni ma yanar ido ta kai ni asibiti. Likitar, sa'ar 'yata, ta auna idon, ta tambaye ni ko akwai mai hawan jinin ido a gidanmu. Na ce akwai, yayana, amma an haɗa masa aikin da na cire yana, ya warke. Ta ajiye biro.

"Baba, wannan ba ya warkewa," in ji ta. "Cire yana shi ke dawo da gani. Ɗaya aikin, 'yar hanya ake buɗe wa ruwan ido don a tsare abin da ya saura. Hanyar tana iya toshewa bayan shekaru, ba zafi, ba ja. Kuma daga gefe yake cin gani, tsakiya ce ƙarshe."

Nan take ranar hatsarin Yaya ta dawo mini. Ta hagu motar nan ta zo. Direbanta ya yi ta rantsuwa cewa a hankali yake tafiya, mutumin ne ya shigo kamar ba kowa a titi. Ni kuwa na ci kwalarsa a gaban jama'a, na kira shi maƙaryaci. Ajali na Allah ne, kuma ba mai tabbatar mini cewa idon ne. Amma tun ranar maganar da na yi wa Yaya a kan katin nan ba ta bar kunnena ba.

Da Yaya zai ga Abujar yau, da gadojin sama da na'urar da ke zana wa mutum iyakar ganinsa a takarda, na san zai girgiza kai ya ce ashe abin ba wuya. Ban san abin da zai ce da ni ba.

Na tafi Bwari na shaida wa Anti Ladi, na ce lallai a kai 'ya'yansa huɗu a auna su. Sai ta gaya mini abin da ta ɓoye bisa umarninsa. Saura shekara biyu ya yi ritaya ya kai wa ogansa makullin mota da kansa. Mu cewa ya yi mana ya gaji. Ita kuwa ya ce mata, "Ladi, gabana ina gani tar, amma wanda ke gefe ba na ganinsa. Ba zan kashe ɗan mutane ba."

Ashe ya sani. Bai nemi magani ba domin ya zaci tsufa ne, kuma mun riga mun ce masa ya warke. Bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a wani allo ba. Ya bar mutanen da suka tsallaka titunan garin nan lafiya suka koma ga iyalansu, ba su ma san da shi ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini.